Na samu 112, malaminmu ya ce 74

Assalamu alaikum Malama, da fatan kina lafiya. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare, kuma tun ina firamare lissafi ne darasin da na fi iyawa, har 'yan ajinmu kan taru a wurina in gwada musu aikin gida. Amma tun da muka shiga babin famuteshan da kombineshan, wato ƙirga hanyoyin jera abubuwa da hanyoyin zaɓo su, komai ya dagule mini. Na haddace fomulolin duka, ko daga barci aka tashe ni zan kawo su, sai dai in aka ba ni tambaya ban san wacce zan ɗauka ba. A gwajin da muka yi kwanan nan an tambaye mu: daga mata 4 da maza 5 za a kafa kwamitin mutum 3, kuma dole a samu aƙalla mace ɗaya a ciki, ta hanya nawa za a iya kafa shi? Na ce a fara ɗaukar mace ɗaya, hanya 4 ke nan, sannan a ɗauki mutum biyu daga takwas ɗin da suka rage, hanya 28, na ninka na samu 112. Malaminmu ya soke, ya rubuta 74, ya kuma ce a gaban aji wai ashe hadda ce ke ɗauke da ni duk shekarun nan. Har yau ban ga inda na yi kuskure ba, kuma kunya ta hana ni komawa in tambaye shi. Yayana ya ce in daina wahalar da kaina, in na ga an ce "jera" in ɗauki fomula ta farko, ta famuteshan, in na ga an ce "zaɓa" in ɗauki ta biyu. Na ɓoye wa Baba takardar gwajin, don shi ne kullum yake alfahari da ni. Burina in karanci ilimin kwamfuta, amma yanzu na fara tunanin ko ba ni da irin kan da ake buƙata. Malama, in canza layi tun da wuri, ko kuwa?

Daga ɗiyarki mai neman mafita.

Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. Kada ki canza layi, aƙalla ba a kan wannan dalilin ba. Zan zo kan maganar Malam da ta Baba, amma bari mu fara da 112 ɗin nan, don na lura ita ce ta tsaya miki a rai, kuma muddin ba ki ga inda ta fito ba, duk lallashin da zan yi miki ba zai shiga ba.

Ki ajiye sharaɗin mace a gefe tukuna. Mutum 9 ne gaba ɗaya, ana son 3. Kwamiti nawa za a iya kafawa in ba a gindaya sharaɗin komai ba? Kalkuletarki za ta ba ki 84. To ki duba, shi sharaɗi rage hanyoyi yake yi, ba ya ƙara su. Babu yadda za a yi kwamitocin da ke da mace su kai 112, alhali duk kwamitocin da za su yiwu, masu mace da marasa mace, 84 ne kacal. Da kin yi wannan ɗan binciken a ɗakin gwaji, da kin san akwai matsala tun kafin Malam ya ɗauki jan biro. Daga yau duk tambayar da ta zo da sharaɗi, ki fara fitar da jimillar da babu sharaɗi ki rubuta ta a gefen takarda. Amsarki ba ta da ikon wuce ta.

Yanzu ina rarar ta fito? Mu sa wa mutanen suna. A ce cikin matan akwai Amina da Binta, cikin mazan akwai Musa. A hanyarki kin fara ɗaukar mace ɗaya don cika sharaɗi, sannan biyu daga sauran. Kin ɗauki Amina da farko, sai Binta da Musa suka fito daga cikin takwas ɗin. Kin ƙirga ɗaya. Can gaba kuma kin ɗauki Binta da farko, sai Amina da Musa suka fito daga cikin takwas ɗin. Kin sake ƙirga ɗaya. Amma ranar da aka kira zaman kwamitin, su wa za su shigo ɗakin? Amina da Binta da Musa, a duka biyun. Kwamiti ɗaya ne kika ƙirga sau biyu, saboda kin ƙirƙiro muƙamin da tambayar ba ta san da shi ba, wato muƙamin wadda aka fara ɗauka.

Mu bi shi daki-daki don ki ga lambarki ta fito da idonki. Kwamitin da ke da mace ɗaya tak: hanya 4 ta ɗaukar macen, hanya 10 ta ɗaukar maza biyu daga biyar, 40 ke nan. Mai mata biyu: hanya 6 ta ɗaukar mata biyu daga huɗu, hanya 5 ta ɗaukar namiji ɗaya, 30. Mai mata uku zalla: 4. Ki haɗa 40 da 30 da 4, ga 74 ɗin Malam. Ke kuwa, masu mace ɗaya kin ƙirga su daidai, sau ɗaya, 40. Masu mata biyu kowanne ya shigo miki sau biyu, don kowacce cikin matan biyu ta samu damar zama ta farko, suka zama 60. Masu mata uku kowanne ya shigo sau uku, suka zama 12. To 40 da 60 da 12 nawa ke nan? 112 cif. Kin ga ba daga iska ta faɗo ba.

Akwai kuma gajeriyar hanya wadda ni ita na fi so duk lokacin da na ga "aƙalla ɗaya". Wane kwamiti ne bai cika sharaɗin ba? Wanda maza ne zalla. Maza uku daga biyar, hanya 10. Ki cire 10 daga 84, saura 74. Layi biyu an gama. Sau da yawa abin da ba a so ya fi abin da ake so sauƙin ƙirgawa.

Ina so ki lura da wani abu game da kuskuren nan naki. Babu fomular da ta ce miki ki fara ware mace ɗaya. Ke kika zauna kika tsara dabara, kuma dabarar tana da ma'ana, har ta tabbatar da cewa kowane kwamitin da kika ƙirga yana da mace. Abin da ta rasa shi ne tabbacin cewa kowanne sau ɗaya aka ƙirga shi. Mai hadda zalla ba ya kaiwa nan, shi yakan danna 9 da 3 a kalkuleta ya rubuta abin da ya fito. Wannan ramin masu tunani ne ke faɗawa cikinsa, kuma duk wanda ya daɗe yana koyar da babin nan ya ga ɗalibai masu ƙoƙari sun faɗa cikinsa ba sau ɗaya ba.

Amma kin faɗi wata gaskiya da bakinki: kin haddace fomulolin, ba ki san wacce za ki ɗauka ba. Dalili shi ne kina kallonsu a matsayin abubuwa biyu da ke gaba da juna, alhali uwa da 'ya ne. Tushen babin gaba ɗaya ƙa'ida ɗaya ce: in aiki yana da matakai, ki ninka yawan hanyoyin kowane mataki. Mutum 10, ana son shugaba da sakatare da ma'aji. Kujerar shugaba mutum 10 ne za su iya hawanta. An cike ta, saura 9 ga ta sakatare, sannan 8 ga ta ma'aji. 10 sau 9 sau 8, 720. Fomula ta farko ke nan, babu wani abu a cikinta bayan wannan. Yanzu a ce ba muƙamai, mutum uku kawai ake so su tafi wakilci. Cikin 720 ɗin nan, kowane rukunin mutum uku ya fito sau nawa? Mutum uku suna iya musayar kujeru uku ta hanya 6, wato 3 sau 2 sau 1. Tun da yanzu kujerun ba su da bambanci, shida ɗin nan abu ɗaya ne. Ki raba 720 gida 6, ki samu 120. Fomula ta biyu ke nan: ta farko ce aka raba da yawan maimaicin.

Kamar mai ƙirga tumaki ne ta ƙarƙashin shinge, ba ya ganin komai sai ƙafafu. Ya ƙirga ƙafa 80, ya raba gida huɗu, ya ce tumaki 20. Lissafinsa daidai ne, amma da sharaɗin duk abin da ke cikin garken mai ƙafa huɗu ne. In akwai kaji a ciki, rabawa da huɗu ba za ta fisshe shi ba, dole ya ware kowane iri daban. Abin da ya same ki ke nan a 112: wasu kwamitocin sun shigo sau ɗaya, wasu sau biyu, wasu sau uku, don haka babu lamba ɗaya da za ki raba da ita ki gyara. Shi ya sa muka ware su gida uku.

Shawarar yayanki kuwa, da niyyar alheri ya ba ki, amma ki karɓa da godiya ki ajiye. Za ta yi miki aiki a tambayoyi biyu na farko masu sauƙi, ta yashe ki a na uku. Ga shi yanzu mun ce "a zaɓi shugaba da sakatare da ma'aji daga mutum 10". Kalmar zaɓa ce a ciki, amma amsar 720 ce, ta fomular da ya ce ta jeri ce. Masu tsara jarrabawa sun san ɗalibai na farautar kalmomi, da gangan suke sa irin wannan. Wasu tambayoyin ma babu ko ɗaya daga kalmomin biyu a cikinsu.

Abin da za ki riƙa yi maimakon haka: ki ɗauki amsa guda ɗaya, ki musanya mutum biyu a cikinta, ki tambayi kanki, abin ya canza ko yana nan yadda yake? Amina shugaba, Binta sakatariya. In aka musanya su, ya canza, kowa a ƙungiyar zai ji a jikinsa. Amina da Binta sun tafi wakilci, Binta da Amina sun tafi wakilci, babu abin da ya canza. In ya canza, ninkawarki ta tsaya a yadda take. In bai canza ba, akwai rabawa a gabanki. Dubi ƙwallon ƙafa. A gasar Firimiya ta Ingila ƙungiyoyi 20 ne, kowacce tana karɓar kowacce a gidanta, don haka wasan da Arsenal ta karɓi Chelsea daban yake da wanda Chelsea ta karɓi Arsenal. 20 sau 19, wasa 380 a kaka, kuma haka jadawalinsu yake. A rukunin gasar cin kofin duniya kuwa ƙasashe huɗu ne, kowace biyu sau ɗaya suke haɗuwa, musanya sunayensu ba ya haifar da sabon wasa. 4 sau 3 ya ba da 12, a raba biyu, wasa 6 a kowane rukuni. Wasa iri ɗaya, tambaya kusan iri ɗaya, abin da ya raba su shi ne ko musanya tana canza abu.

Sai babbar shawarata, wadda na san ɗalibai masu saurin ganewa irinki sun fi kowa raina ta: ki ƙanƙanta tambayar har ta kai inda za ki iya rubuta duk amsoshin da hannu. Kin yi shakkar dabararki a kan mata 4 da maza 5? Ki gwada ta a kan mata 2 da maza 2, kwamitin mutum 2. Dabararki za ta ce mace ɗaya daga biyu, sannan mutum ɗaya daga uku, 6. Yanzu rubuta su: Amina da Binta, Amina da Musa, Amina da Nuhu, Binta da Musa, Binta da Nuhu. Biyar. Ki nemi na shida, ba za ki same shi ba, sai dai ki sake rubuta Binta da Amina, kuma a nan take za ki ga ɓarakar. Wannan bai kai minti biyu ba. A aljabara in kin warware tambaya kina iya mayar da amsar cikin lissafin ki ga ko ta zauna. A babin ƙirga babu wannan gatan, 112 da 74 duk lambobi ne masu kyan gani, babu wadda ke ɗauke da alamar kuskure a goshinta. Ƙanƙantawa ita ce hanyar bincikenki. Ina zargin ma wannan ne ya sa babin ya girgiza ki: kin saba amsa tana gaya miki da kanta cewa daidai take.

Kada kuma ki ɗauka rubuta jeri da hannu aikin yara ne. Da haka ilimin ya fara. Al-Khalil ibn Ahmad, malamin Larabci na birnin Basra a ƙarni na 8 Miladiyya, da ya tashi tsara ƙamus ya so ya tabbata babu kalmar da ta kuɓuce masa, sai ya ɗauki kowane tushen kalma yana jujjuya baƙaƙensa. Ya nuna tushe mai baƙi biyu yana juyuwa hanya 2, mai uku hanya 6, mai huɗu 24, mai biyar 120, sannan ya ware waɗanda Larabawa ke amfani da su daga waɗanda ba a amfani da su. Lambobin nan su ne faktoriyal ɗin da kika haddace, wato a ninka lamba da duk lambobin da ke ƙasa da ita har zuwa 1. Alamar motsin rai da ake sa wa lamba don nuna faktoriyal kuwa sai a 1808 wani Bafaranshe, Christian Kramp, ya shigo da ita, kusan shekara dubu bayan Al-Khalil. Ƙirgawar ta riga alamar nesa ba kusa ba, ke kuma an fara ba ki alamar kafin ƙirgawar.

A birnin Marrakesh na Maroko, Ibn Mun'im, wanda ya rasu a 1228, ya kawo wata tambaya da nake son ba ɗalibai: ana da siliki launi 10, tuntu iri nawa za a iya yi mai launi ɗaya, mai launi biyu, mai launi uku, har zuwa goma? Amsoshin su ne 10, 45, 120, 210, 252, sannan su juyo, 210, 120, 45, 10, 1. Kin ga yadda suka juyo? Ɗaukar launi 3 daga 10 daidai yake da barin launi 7, shi ya sa duka biyun 120 ne. Ya tsara lambobin cikin jadawali mai siffar alwatika, irin wanda littafinki ke kira alwatikar Pascal, duk da cewa rubutun Pascal, Bafaranshe masanin lissafi, a kanta sai a 1665 aka buga shi, bayan rasuwarsa, kuma Yang Hui na ƙasar Sin ya riga ya zana ta tun 1261.

Ki zana alwatikar nan da kanki, layi shida ko bakwai. Layi na farko 1, sai 1 1, sai 1 2 1, sai 1 3 3 1, sai 1 4 6 4 1, sai 1 5 10 10 5 1. An gaya miki kowace lamba jimillar biyun da ke samanta ce, amma an gaya miki dalili? Ana son mutum 2 daga 5, kuma ke kina cikin biyar ɗin. Ko dai an ɗauke ki, ko ba a ɗauke ki ba, babu na uku. In an ɗauke ki, saura mutum 1 daga 4, hanya 4. In ba a ɗauke ki ba, mutum 2 daga 4, hanya 6. Ga 4 da 6 ɗin da suka haifi 10. A nan kuma za ki ga bambancin tarawa da ninkawa, wanda shi ma yana rikita mutane: in hanyoyi biyu ne da ba sa haɗuwa, ko wannan ko wancan, tarawa ake yi. In matakai ne da za a bi ɗaya bayan ɗaya kafin aiki ya cika, ninkawa ake yi.

Bayan tambayar musanya akwai ta biyu da ake mantawa da ita: abin da aka ɗauka yana iya sake fitowa? Mutum ba ya hawa kujera biyu lokaci guda, amma lamba tana iya maimaituwa a lambar sirri ta waya. Lambar sirri mai gurbi huɗu, kowane gurbi yana da zaɓi 10, daga 0 zuwa 9, don haka 10 sau 10 sau 10 sau 10, wato 10,000. In aka hana maimaici sai ta zama 10 sau 9 sau 8 sau 7, 5,040. Ki cire wannan daga wancan ki ga 4,960 daga cikin lambobin sirrin suna da aƙalla lamba ɗaya da ta maimaitu, kusan rabi. Mutane da yawa in aka ce su yi hasashe, ƙasa da haka sosai suke faɗa. Ki lura kuma da "aƙalla" ta sake zuwa, kuma ta hanyar cirewa muka bi da ita.

Sauran nau'o'in tambayoyin da ke cikin babin duk wannan rabawar ce ta sake riga. Haruffan LISSAFI bakwai ne, da duk daban suke da jeri 5,040 za a samu. Amma S biyu ne, I ma biyu, musanya S da S ba ya canza komai, haka I da I, don haka kowane jeri ya fito sau 4. A raba, 1,260. Mutum biyar a kan benci hanya 120 ce, amma a kewayen teburi mai da'ira, in kowa ya matsa kujera ɗaya zuwa dama maƙwabtansa ba su canza ba, kowane zama ya fito sau 5, saura 24. In aka ce mutum biyu dole su zauna kusa da juna a bencin, ki ɗaure su ki ɗauke su abu ɗaya, abubuwa huɗu ke nan, hanya 24, sannan ki tuna su biyun suna iya musanya wuri, 48. Faktoriyal na sifiri da aka ce 1 ne, kada ya ɗaga miki hankali: hanya nawa ce ta ɗaukar mutum biyar daga biyar? Ɗaya, a kwashe su duka. In kina son fomula ta ba da wannan amsar, dole faktoriyal na sifiri ya zama 1.

Ga aikin gida. Matan nan 4 da mazan nan 5, a kafa kwamitin mutum 4 mai aƙalla mata biyu. Ki yi shi ta hanya biyu, ta warewa gida-gida da ta cirewa daga jimilla. Dole hanyoyin biyu su haɗu a 81. In kika ga 126, tsohuwar dabarar ce ta lallaɓo ta dawo, kuma abin dariyar shi ne 126 ɗin ita ce jimillar duk kwamitocin ba tare da sharaɗi ba, kamar a ce babu kwamitin maza zalla ko mai mace ɗaya tak.

To, Malam. Maganar da ya yi a gaban aji ba ta dace ba, ba zan ɓoye miki ba. Gwaji ɗaya a babi ɗaya ba ya shafe shekarun da kika yi kina gwada wa 'yan ajinku lissafi, wanda bai gane abu ba kuwa ba ya iya koya wa wani. Amma ba na so ki mayar da shi abokin gaba a zuciyarki, don har ki gama makarantar nan kina buƙatarsa, kuma wanda ya daina tambaya saboda an taɓa kunyata shi, shi ke asara, malamin bai rasa komai ba. Ki same shi shi kaɗai bayan darasi, ba a gaban aji ba. Ki tafi da takardar da kika rubuta 40 da 60 da 12 a kai, ki ce, "Malam, na ga kamar na ƙirga wasu sau biyu wasu sau uku, don Allah a duba mini ko haka ne." Kada ki ta da maganar haddar, takardar ta ishe ki amsa. In kuma ya sake yi miki gatsali, kin yi naki, sai ki nemi wani malamin lissafin ko wata ɗalibar da babin ya zauna mata.

Baba kuwa ki nuna masa takardar cikin makon nan. Ɓoyon ya fi makin nauyi a zuciyarki, na ji haka a wasiƙarki, kuma sakamakon zango zai iso gare shi ko kin so ko ba ki so ba. Gara ya ji daga bakinki. Ki kai masa ita tare da gyaran da kika yi, ki ce, "Baba, ga gwajin da ban yi ƙoƙari ba, ga kuma inda na gano kuskurena." Ban san halinsa ba kamar yadda kika sani, mai yiwuwa ya ɗan yi faɗa. Sai dai uban da ke alfahari da karatun 'yarsa, abin da zai fi ƙona masa rai shi ne ya gano daga baya cewa tsoronsa ya sa ta ɓoye masa abu.

Game da ilimin kwamfuta, gaskiya ita ce ba za ki tsere wa babin nan ba, zai biyo ki jami'a cikin darasin lissafin da ake koya wa 'yan kwamfuta tun shekarun farko, kuma a can ne za ki ga amfaninsa. Kalmar sirri mai ƙananan haruffan boko 8, daga haruffa 26, tana da yiwuwa 208,827,064,576. In aka haɗa da manyan haruffa da lambobi, zaɓin kowane gurbi ya koma 62, jimillar ta ninka fiye da sau dubu, shi ya sa shafukan intanet ke matsa wa mutane su gauraya su. Ko ki ɗauki direban da zai kai kaya wurare 20, ana son a gano jerin da ya fi gajarta. Jerin wurare 20 ya haura biliyan biliyan biyu. Kwamfutar da ke gwada jeri biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa za ta shekara 77 ba ta gama ba. Mai rubuta manhajar da bai iya wannan ƙirgar ba zai sa na'ura aikin da ba za ta gama ba a rayuwarsa, yana zaune yana jira. Wanda ya iya kuwa tun kafin ya rubuta layi ɗaya ya san dole ya nemi wata dabarar.

Don haka ki ajiye maganar canza layi har ki sake bin babin daga farko. Ki ɗauki tambayoyin ƙarshen babi na littafinki, biyar-biyar a zama ɗaya sun isa, kuma a makon farko ki rufe kalkuleta cikin jaka. Kafin ki taɓa kowace fomula, ki rubuta da kalmominki amsar tambayoyin nan biyu a saman aikin: musanya tana canza abu, kuma ana iya maimaici? Duk wadda amsarki ta saɓa da ta bayan littafi, kada ki goge, ki ƙanƙanta ta har ki kama abin da kika ƙirga sau biyu ko wanda kika tsallake. In bayan gwaji na gaba har yanzu akwai nau'in tambayar da ke kayar da ke, ki turo mini ita tare da aikinki yadda kika yi shi, har da inda kika soke.